Furen da Kawu Jabbar Ya Hana Kabarin Ƙanwarsa

Don Allah ku gaya mini, kun taɓa ganin ƙaton mutum da furfurarsa a gemu ya ɗaura wa fure laya wai don ya haihu? To ni na gani da idona, kuma ba wani ba ne, kawuna ne, Jabbar Wagay, yayan mahaifiyata uwa ɗaya uba ɗaya. Jiya ƙawata ta nuna mini hotonsa a waya, ya sa sabuwar hula ya tsaya jikin katangar maƙabarta yana nuna fure da yatsa yana wani murmushi, a ƙasa an rubuta wai mutumin da ya ƙirƙiro sabon furen sosan. Ƙirƙiro! Shi! Tun jiya raina yake tafasa, na ce yau sai na rubuta ko yatsuna za su ƙage. Sunana Bisma, kuma duk abin da zan faɗa a gabana aka yi shi.

Bari in fara da shi kansa. An haife shi a nan ƙauyenmu saman Budgam, gidan shanu ne gidan kakana, kowa yana tatsa kowa yana yankan ciyawa ban da shi, wai warin kashin shanu yana sa masa ciwon kai. Yana saurayi ya gudu Srinagar ya yi shekara bakwai yana ban ruwa a lambun wani mai kuɗi, ban ruwa fa da shara, ba wani abu ba. Da ya dawo ya dawo da almakashi ɗaya da tabarau da wani littafin Turanci mai hotunan furanni wanda ko baƙi ɗaya ba ya iya karantawa a ciki, hotunan yake kallo yana gyaɗa kai. Daga ranar ya hana a ce masa Jabbar, sai dai Jabbar Sab, wato Jabbar ranka ya daɗe. Matarsa Mami Taja ita ce tatsa, ita ce ciyawa, ita ce gona, shi kuwa yana zaune ya rungume kaskon wuta a cikin rigarsa yana zuƙar taba yana shan shayin gishiri kofi bayan kofi yana bayani, wannan mutumin ko tukunya ce a gabansa sai ya yi mata bayani. Sama da shekara ashirin da auren Allah bai ba su haihuwa ba, kuma kullum a bakinsa laifin Mami ne, amma a ce masa ya je asibiti a duba shi sai ya ce shi namiji ne me za a duba.

Sosan dai kun san shi, furen kabari ne, fari da shuɗi, duk maƙabartar da ka leƙa bayan ƙanƙara ta narke za ka gan shi ya rufe ta. Saiwarsa kamar ɗanyar citta take, kwance a saman ƙasa rabinta a rana. In an yi sabon kabari sai a ɓalli guntun saiwa daga na kusa a dasa, shi ke nan, babu ban ruwa babu taki, baɗi ya fito. Kawu ya ce wannan aikin jahilai ne. Wai gwanin lambu na gaskiya aure yake haɗawa, ya ɗebi garin da ke cikin wannan fure ya shafa wa wancan, ya yi kwanso, kwanson ya ba da iri, irin ya fito da abin da duniya ba ta taɓa gani ba. Ya samo farin sosan daga lambun tsohon ubangidansa, don dai kowa ya san ba a shigowa da na kabari cikin gida, ya cika bayan ɗakinsa da shi inda Mami take shuka ganyen miya. Shekara tara yana wannan aure da tsinken ashana. Hannunsa rawa yake yi saboda taba, yana taɓa fure zai yaga shi, sai ya zagi furen, ya zagi iska, ya zagi Mami wai inuwarta ta faɗa kansa. Shekara tara ko ƙwayar iri ɗaya bai gani ba.

Mahaifiyata, Moji muke ce mata, sunanta Misra. Ɗinkin allura take yi a jikin mayafai, irin mai ƙananan ganyen nan da sai ka kawo ido kusa. Babana yana hawa da tumaki can saman dutse duk rani, wata shekara ta bi shi, da za ta sauko ta tono wani ɗan guntun sosan na dutse, gajere mai ɗigo-ɗigo kamar ƙwan fakara, ta dasa a tsohon gwangwani a bakin ƙofarmu. Baɗi ya yi fure daidai da lokacin fararen Kawu. Ina da shekara takwas ranar, ba na mantawa, ta ɗauki gwangwanin muka je gidansa muka tarar ya yaga na uku yana gumi.

Ta ce, "Yaya, matsa in gwada mana."

Ya ce, "Ke da me kika sani? Wannan ba bakin mayafi ba ne. Kuma wannan ɗan tsugunnin naki abincin awaki ne."

Ta ce, "To ai kai ma naka awaki ne za su ci, ka ga duk ka mayar da shi ganyen miya."

Mami Taja ta tuntsire da dariya ta toshe baki da gefen ɗankwali. Shi kuwa ya yi fushi ya shige ɗaki wai zai duba littafi. Moji ta zare allura daga ƙirjin rigarta, ta juya gindinta, ta lakato garin na dutse, ta ɗaga wani ɗan leɓe a cikin farin furen a hankali kamar tana buɗe idon jariri ta shafa, ta cire safata ta rufe furen ta ɗaure da jan zare don kar ƙudan zuma su ɓata. Da ƙafa ɗaya babu safa na koma gida. Wallahi haka aka yi, Mami tana raye a tambaye ta.

Wannan furen mai safa shi kaɗai ya yi kwanso. Ƙwaya bakwai a ciki, uku suka tsiro, biyu suka mutu, ɗaya ya rayu. Shekara uku muna jira. Ranar da ya buɗe, kai jama'a, ban san yadda zan gaya muku ba, dogo ne kamar uwarsa fara amma duk jikinsa ɗigon shuɗi irin na uban, bakin ganyen kuma kamar hayaƙi ya taɓa shi, ga ƙamshi har bakin hanya. Tsofaffi suka zo kallo, har liman ya leƙo. Kawu ya sa tabarau ya tsaya a gefe yana cewa shekara goma sha biyu ya yi yana bincike. Moji tana tsaye a bayansa, ko kallonta bai yi ba. Washegari ya kafa allo ya sa aka rubuta masa JABBARI, ya kewaye wurin da waya mai ƙaya, ya sa ƙofa da kwaɗo, makullin a wuyansa yake kwana. Na ce Moji ba za ki yi magana ba? Ta ce, "Ƙyale shi, shi ba shi da wani abin nunawa. Fure ai ya san hannun da ya taɓa shi."

To daga nan ne haukan ya fara. Shi burinsa Jabbari ya yi iri, irin ya yi jikoki, a shuka a Srinagar a shuka a Delhi ana kiran sunansa bayan ransa. Kowace shekara ya shafa masa garin kansa, ya shafa masa na fari, ya shafa masa na dutse, kwanso ya ɗan kumbura, Kawu ya yi ta yawo a gari yana cewa an samu ciki, bayan sati uku a matsa kwanson a ji fus, iska ce kawai da ɓawo.

A shekara ta biyu wani malamin gona ya zo duba itatuwan tuffa, Kawu ya janyo shi da hannun riga har bayan ɗaki. Mutumin ya durƙusa ya daɗe yana kallo, ya ce bai taɓa ganin irinsa ba, Kawu har ƙirjinsa ya taso. Sai mutumin ya tambayi iyayen, aka gaya masa, ya ce, "Jabbar Sab, wannan alfadari ne. Uwar da uban danginsu ya yi nisa, kamar doki da jaki. Ya yi kyau, ya yi ƙarfi, amma da wuya ya ba ka iri. Ka raba saiwar, ka ba maƙwabta, ka dasa wuri uku huɗu, in ɗaya ya mutu wani yana nan. Kuma ka daina tula masa ƙasa, bayansa rana yake so."

Kawu ya ce, "Alfadari? A gidana? Malam, tuffa aka turo ka dubawa ko zagi?"

Ko shayi bai bari an ba shi ba. Raba saiwa kuwa ya ce sai bayan ransa, wai in ya ba mutum ɗaya gobe kowane matsiyaci yana da Jabbari a bayan bayinsa.

Sai ya koma yi wa furen abin da ake yi wa saniyar da ta ƙi ɗaukar ciki. Ya tula masa kashin shanu, shi da wari yake sa wa ciwon kai, da hannunsa ya kwasa. Ya binne saiwar da ƙasa har ba a ganinta. Ya riƙa zuba masa ruwan wankin shinkafa, wata rana har madara. Ya hau mota ya tafi hubbaren waliyyi ya ɗaura zare a taga cikin layin mata masu neman haihuwa, namiji shi kaɗai da tabarau, ya karɓo laya ya zo ya rataya wa ganye. Mami Taja tana tsaye da bokitin madara ta ce, "Ni shekara ashirin ko zare ɗaya ba ka ɗaura mini ba." Ya ce, "Ke ai an gama da ke, wannan akwai sa rai." A gabana ya faɗa. Ta ajiye bokitin a hankali ta shiga ɗaki. Ban taɓa jin na tsani mutum irin ranar ba, ashe da saura.

Ina da sha biyar Moji ta kwanta, ciwon ciki, aka kai ta asibiti aka dawo da ita. Lokacin girbin shinkafa ne. Kwana uku kafin ta rasu ta kama hannuna ta ce, "Bisma, in an rufe ni ki ce wa Yaya ya ba ki ɗan guntu daga mai ɗigon nan. Kamar babban yatsa ma ya isa. Ba na son shuɗin nan na kowa da kowa." Har da dariyarta. Abin da ta roƙa ke nan duk duniya, ba ta ce a ba wane mayafi a ba wance ɗan kunne ba.

Bayan kwana huɗu da aka watse daga zaman makoki na same shi a bayan ɗaki yana gyara layar.

Na ce, "Kawu, Moji ta bar saƙo."

Ya ce, "Allah ya jiƙanta, Allah ya jiƙanta. Kar ki taka nan."

Na gaya masa. Ya cire tabarau ya goge ya mayar, ya ce, "'Yar nan, ke yarinya ce. Yanzu yana gab da ɗaukar iri, in aka sa masa wuƙa ya firgita. Kuma Jabbari ba furen matattu ba ne. Ki je wurin Kadir mai haƙa kabari ya ɓallo miki na maƙabarta, duk ɗaya ne, ita ai ba gani za ta yi ba."

Na ce, "Ita ta haɗa shi. Safata ce a kai."

Ya ce, "Allura ta riƙe, ilimin nawa ne. In ya yi iri zan ba ki ƙwaya ɗaya, kin ji alkawari."

Ƙwaya ɗaya daga abin da bai taɓa yin ƙwaya ba! Na fito ina kuka har ban ga hanya ba.

Ranar Juma'a yana fita masallaci Mami Taja ta aiko a kira ni. Makulli yana wuyansa, to ita ba ta nemi makulli ba, tsanin da ake hawa rumbun ciyawa ta jingina ta haura wayar, mace mai shekara kusan hamsin, rigarta har ta yage. Ta tone takin da hannu ta ce kin ji yadda ƙasar nan ta jiƙe, wannan mutumin zai kashe shi. Ta sa wuƙar yanka albasa ta yanko guntu mai ganye uku daga ta baya, ta shafa tokar kaskon wuta a bakin yankan duka biyu, ta mayar da ƙasa ta daddaɓe, ta cusa guntun a cikin riga. Na ce Mami in ya gane fa? Ta ce, "Shekara ashirin bai gane na rage gashina ba, wannan zai gane?"

Muka kai wa Kadir, Kadir Kak muke ce masa don girmamawa, tsohon da yake haƙa kabari a garinmu tun kafin a haifi babana. Ya juya guntun a tafinsa ya shinshina ya ce, "Taja, wannan ba daga cikin kurkukun mijinki ya fito ba?" Ta ce, "Beli na yi masa." Ya yi dariya har da tari. Ya ɗora shi a kan tudun kabarin Moji ta wajen kai, ya ɗan danna, bai ko rufe bayansa ba. Na ce Kak ba za a zuba ruwa ba? Ya ce, "Ki bar shi. Sosan ba ya son a dame shi, shi ya sa yake zama da matattu."

Ƙanƙara ta zo ta tafi, sai ruwan sama ya sauka sati biyu ba ɗagawa. Bayan ɗakin Kawu ya zama taɓo, ga taki ga ƙasa an tula. Wata safiya muka ji ihu, na ɗauka wani ne ya mutu, muka ruga, sai ga Kawu durƙushe a cikin waya yana jan ganye yana fitowa a hannunsa salalam, gindin ya narke kamar dafaffen dankali, wari kuwa kamar mushe. Ya tona ya tona, babu ko guntu mai rai, laya ce kawai ta rage tana lilo. Ya yi kuka da majina yana dukan cinya. Ranar da aka fita da gawar ƙanwarsa idonsa ƙamas, har yana tambaya ko an sa wa shayin baƙi gishiri daidai. Kwana uku bai ci abinci ba, mutane suna zuwa yi masa jaje suna fitowa suna danne dariya. Ni ban je ba. Ni da Mami muka ɓoye zancen guntun da muka dasa, don mu ma ba mu san ko namu zai yi ba, kullum sai na leƙa ta katanga in ƙirga ganye.

Farkon watan Mayu ya buɗe. Kara ɗaya, fure biyu, a tsakiyar shuɗi da fari na dukan maƙabartar, da ɗigonsa da hayaƙinsa da komai. Na zauna a wurin na ce Moji ga shi nan.

Kafin la'asar labari ya kai masa. Ana fitowa daga salla sai ga shi da shebur a kafaɗa yana sauri har takalmi ɗaya ya fita, mutane suka biyo shi. Kadir Kak yana zaune a bakin ƙofar maƙabarta ya miƙe ƙafa ya tare hanya.

"Jabbar, wa ya mutu? Ban ji sanarwa ba, kuma haƙa aikina ne."

"Jabbar Sab! Kauce, kayana aka sata, zan ɗauki abina."

"Daga ina?"

"Daga kan... daga can."

"Faɗi mana, daga kan wa?"

Kowa ya zuba masa ido. Kadir Kak ya ce, "Shekara hamsin ina nan, ban taɓa ganin wanda ya sa shebur a kan ƙanwarsa ba. Abin da aka ba kabari ba ya komawa gida, kai ma ka sani, uwarka ta sani, kakarka ta sani. Daga kabari sai kabari."

Kawu ya juya yana neman mai goya masa baya, babu, liman ma ƙasa yake kallo. Sai ya hango Mami Taja a bayan mata ya ce, "Ke ce! Ɓarauniya a cikin gidana!" Ta ce, "Ni ce. Da ban sata ba da yanzu layarka kaɗai gare ka. Ka ce na gode mana." Wani daga baya ya ce a ba shi layar ya rataya a wuya ko shi a dace, wuri ya kece da dariya.

Sai ya sauke murya, wai guntu kaɗan, kamar babban yatsa ma ya isa. Wallahi kalmar Moji ce ta fito daga bakinsa. Kadir Kak ya ce, "Za ka samu, kar ka damu. Ranar da aka kawo mini kai, ni da hannuna zan dasa maka, har wajen kai da wajen ƙafa. Ka dai yi haƙuri, ko kana sauri?" Ya ja sheburinsa a ƙasa ya tafi, takalmin ma wani yaro ne ya kai masa.

Yau shekara biyu ke nan. Har yanzu bai yi ƙwayar iri ko ɗaya ba, alfadarin dai alfadari ne, amma saiwa sai ƙaruwa take, duk kaka Kadir Kak yana ɓalla ya ba wanda ya yi sabon rashi. Kabari tara ne yanzu da shi, har daga ƙauyen gaba an zo an roƙa. Kuma babu mai cewa Jabbari, kowa sosan ɗin Misra yake cewa, yara ma haka suka taso suka ji. Mami ta cire wayar ta mayar da ganyen miyarta. Allon yana nan, da shi ake toshe ramin kaji.

Shi kuwa gwanin bincike, kullum da hantsi in lokacin fure ya yi sai ya sa tabarau ya je ya jingina da katangar maƙabarta ta waje, don kunya ba ta barinsa ya wuce gaban Kadir Kak, yana jiran baƙo mai waya ya biyo ya tare shi da bayani. Haka aka yi wannan hoton na jiya, kuma na ga mutane suna ta sa masa albarka a ƙasa, wai Allah ya ƙara basira. Wace basira? Ku duba hoton da kyau, tudun da yake nunawa da yatsa kabarin ƙanwarsa ne wadda ya hana guntun saiwa.

Don Allah duk wanda ya karanta kar ya bar shi a wayarsa, ku tura wa duk wanda kuka san hoton nan ya je masa, ku tura gidajenku da ƙawayenku, a san sunanta Misra, da gindin allura ta yi shi da safar ƙafata ta hagu. In kun tura ku yi mata addu'a.